Gyaran Ƙaramin Jirgin Kamun Kifi Domin Mai Keken Guragu

Gabatarwa

Kamun kifi yana ɗaya daga cikin tsofaffin sana'o'in ƙasar nan. Daga Argungu da Yawuri har zuwa Lakwaja, daga Baga ta bakin Tafkin Cadi har zuwa Ibi da Numan a kan Kogin Binuwai, iyalai masu ɗimbin yawa suna ci suna sha ne daga abin da taru da ƙugiya suka kawo. Bayan da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, da ta Tiga a 1974, an ƙara samun sababbin wuraren su, sana'ar kuwa ta ƙara bunƙasa.

A cikin waɗannan iyalai akwai mutanen da ƙafafunsu ba sa ɗaukarsu. Waɗansu cutar shan inna ce ta taɓa su tun suna yara, waɗansu haɗarin mota ne ya karya musu ƙashin baya, waɗansu kuma an yanke musu ƙafa saboda wani ciwo. Ko da yake a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa ainihin ƙwayar shan inna ta daina yaɗuwa a Nijeriya, waɗanda ta riga ta naƙasa suna nan da ransu, da yawansu kuma suna cikin shekarun neman abinci. Wani an haife shi a gidan su, ya san inda giwan ruwa ke kwanciya da lokacin da tarwaɗa ke fitowa, amma sai a bar shi a gaɓa yana ɗinkin taru, ko ma ya tafi birni bara, don kawai ba shi da hanyar shiga jirgi.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 1981 domin naƙasassu. A watan Janairu na 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a da hanyoyin sufuri yadda kowa zai iya amfani da su. A 2020 aka kafa hukumar kula da al'amuran naƙasassu ta ƙasa. Amma doka ba ta sassaƙa katako. Aikin da zai kai gurgu cikin jirgi yana hannun kafinta da maƙeri da masuntan da ke bakin ruwa, su ne kuwa aka rubuta wa wannan darasi, tare da sarakunan ruwa da ma'aikatan jin daɗin jama'a.

Wajibi ne a faɗi tun da farko cewa gyaran da aka yi shi da ganganci ya fi rashin gyara haɗari. Jama'a ba su manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara ta Jihar Kebbi a watan Mayu na 2021 ba, ko wanda ya kife a yankin Patigi ta Jihar Kwara a watan Yuni na 2023, inda mutum fiye da 100 suka rasa rayukansu. Idan ruwa ya yi wa masu ƙafa haka, to, wanda ke zaune a keken ƙarfe ya fi kowa bukatar a yi masa aiki da lura.

Abin da ke sa jirgi ya kife

Mutane da yawa suna tsammani nauyin keke ne abin tsoro. Lissafi ya nuna ba haka ba ne. Lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1 ne, jirgi kuwa yakan nutsa ne har sai ya ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa. Alal misali, a ɗauki jirgin katako mai shimfiɗaɗɗen gindi, tsawonsa mita 6, faɗinsa santimita 130. Filin da irin wannan jirgi yake rufewa a kan ruwa ya kai kusan murabba'in mita 6, saboda haka kowane kilo 60 da aka ɗora masa zai sa ya ƙara nutsawa da santimita 1 kacal.

To, a ce masunci yana da nauyin kilo 70, kekensa 18, mataimakinsa 65, inji mai ƙarfin doki 15 kamar kilo 38, mai da jarkarsa 17, jiƙaƙƙen kayan su 40, katakon daɓe 35, kifin da aka kama kuma 50. Jimla kilo 333 ke nan. Wannan kaya duka ba zai sa jirgin ya nutsa fiye da santimita 6 ba. Keken kuwa, shi kaɗai, ko rabin santimita bai kai ba.

Ainihin matsalar ita ce inda nauyin yake zaune. Masunci yakan zauna a gindin jirgi ko a kan ɗan gajeren benci, idan jirgi ya karkata sai ya gyara zama ko ya dafa da ƙafa ba tare da ya yi tunani ba. Mazaunin keken guragu kuwa yana da tsayin santimita 45 zuwa 50 daga ƙasa. Idan aka haɗa da kaurin daɓe da tsayin jikin mutum, sai a ga tsakiyar nauyinsa ta kai wajen santimita 75 ko 80 sama da gindin jirgi. Duk sa'ad da nauyi ya yi sama, jirgi yakan yi saurin karkata. Daɗin daɗawa, keke abu ne mai taya: da jirgi ya ɗan karkata sai ya gangara wajen da ya yi ƙasa, ya ƙara karkatar da shi, mai keken kuwa ba shi da ƙafar da zai tokare.

Abin da ke maganin karkata shi ne faɗi. Masana ƙirar jirgi sun tabbatar cewa a jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi, idan aka ninka faɗinsa sau 2, taimakon da siffarsa ke bayarwa wajen komawa daidai yakan ƙaru kusan sau 8. Ko daga santimita 80 aka koma 120, ƙarin ya wuce ninki 3. Saboda haka dukan gyaran da za a yi yana tsaye ne a kan ƙa'ida uku: jirgi ya zama mai faɗi, nauyi ya zauna ƙasa kuma a tsakiya, keke kada ya motsa.

Zaɓen jirgi da hanyar da za a bi

Kwalekwalen da aka sassaƙa daga gungumen itace guda bai dace da keke ba ko kaɗan. Siriri ne, gindinsa kuma a zagaye yake, keken guragu kuwa faɗinsa kaɗai ya kai santimita 60 zuwa 70. Abin da ya dace shi ne jirgin katako ko na roba mai ƙarfi, mai shimfiɗaɗɗen gindi, wanda faɗin gindinsa daga ciki bai gaza santimita 120 ba, watau ƙafa 4, tsawonsa kuma mita 5 ko 6. Kafin a kashe ko kwabo, a fitar da shi kan tudu a duba. A soki katakon da tsinin wuƙa, musamman haƙarƙarin jirgi, watau sandunan da ke riƙe da gefe da gindi. Inda wuƙa ta shige cikin sauƙi, ruɓa ce, sai an sake wannan katako.

Akwai hanya uku da za a iya bi, wanda zai yi amfani da jirgin kuma shi ya kamata a fara tambaya, domin shi ya san iyakar ƙarfin jikinsa.

Hanya ta fari ita ce mutum ya bar keke a gaɓa ya koma kan kujerar da aka kafa a cikin jirgi. Wannan ta fi sauran sauƙin kuɗi da kwanciyar hankali, domin ana iya yin kujerar gajeriya, tsayin santimita 20 ko 25, da majingina da madafa a kowane gefe. Ta dace ƙwarai da waɗanda shan inna ya taɓa, waɗanda galibi hannuwansu ke da ƙarfi. Har wa yau, keken nan mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda ya fi yawa a garuruwan Arewa, dogo ne kuma mai nauyi, bai kamata a shigar da shi ƙaramin jirgi ba. Mai irinsa ya bi wannan hanya. Ana sauƙaƙa ƙaura daga keke zuwa jirgi da sumul ɗin katako mai tsawon santimita 75 da faɗin 25, a ɗora kansa ɗaya a keke, ɗaya a bencin jirgi, mutum ya ja jiki a kai.

Hanya ta biyu ita ce a shigar da keken mai ƙafa huɗu cikin jirgi da mai shi a kai. Wannan ita ce ta waɗanda ba sa iya ƙaura cikin sauƙi, kamar masu raunin ƙashin baya. Ita ta fi bukatar aiki, a kanta ne kuma yawancin wannan darasi zai yi bayani.

Hanya ta uku ita ce a jera kwalekwale biyu masu girma ɗaya, a bar tazarar mita 1 a tsakaninsu, a haɗa su da ƙarfafan katakai uku a gicciye, a shimfiɗa dandali a kai. Irin wannan da wuya ya kife, amma yana da nauyin tuƙi, kuma ya fi dacewa da ruwa mai kwanciya kamar na madatsa. Lalle ne a kewaye dandalin da katanga ta katako, a kuma riƙa duba mahaɗan kullum.

Shimfiɗa daɓe

Taya ba ta iya tafiya a kan haƙarƙarin jirgi, don haka sai an shimfiɗa daɓen katako. A nemi katako mai jure ruwa, kamar maɗaci ko loko, mai kaurin santimita 2 da rabi, watau inci 1. A ɗora shi kai tsaye a kan haƙarƙarin, kada a ɗaga shi sama don neman kyau, gama kowane santimita da aka ƙara, an ɗaga nauyin mutum ke nan. Tazarar da ke tsakanin katako da katako kada ta wuce santimita 1, domin ƙananan tayoyin gaba na saurin maƙalewa.

Ba lalle ne a rufe dukan gindin jirgi ba. Daga inda keke zai shigo zuwa inda zai tsaya ya isa. Keke yana bukatar fili mai faɗin santimita 150 kafin ya juya sosai, ƙaramin jirgi kuwa ba shi da wannan fili. Saboda haka a tsara yadda keke zai shiga a miƙe ya fita da baya. Idan akwai bencin da ya tare hanya, kada a cire shi haka nan, domin benci yana riƙe gefen jirgi kada ya buɗe. A maye gurbinsa da ƙarin haƙarƙari masu kauri da ƙarfen kusurwa, ko a mai da shi mai ɗagawa, wanda za a mayar a kulle bayan keke ya wuce.

Jiƙaƙƙen katako da yauƙin kifi suna da santsi. A shafa wa daɓen fentin mai, a barbaɗa tankaɗaɗɗen yashi tun fentin bai bushe ba, sa'an nan a sake shafa wani a kai. Akwai kuma abu guda da daɓe ke jawowa wanda ba a cika lura da shi ba: yana ɓoye ruwan da ya taru a gindin jirgi. Irin wannan ruwa yakan kwarara wajen da jirgi ya karkata ya ƙara masa nauyi. Dole ne a bar rami a daɓen, inda hannun mai keke zai kai, a rataye makwarfi kusa da shi. A kuma yi daɓen gunduwa-gunduwa yadda za a iya ɗaga shi a wanke ƙarƙashinsa.

Tsai da keke

Wurin keke shi ne tsakiyar jirgi, daidai kan layin da ya raba dama da hagu, yana fuskantar gaba ko baya. Kada ya fuskanci gefe. Birkin keke kaɗai bai isa ba, domin jiƙaƙƙiyar taya takan zame ko da birki a kame. A kafa sanduna biyu a kowane gefen tayoyin baya, masu tsayin santimita 5, su zama kamar kwalbati da taya za ta shiga, a kuma sa waigi a gaba da bayan kowace taya.

Bayan haka a kafa zobban ƙarfe guda 4, biyu a gaba, biyu a baya. A ɗaure su da ƙusa mai noti wadda ta ratsa haƙarƙarin jirgi, kada a buga su a katakon daɓe, domin daɓe na iya ɗagowa. Ƙarfen da aka shafa wa maganin tsatsa ya fi. Daga kowane zobe a ja maɗauri zuwa ƙashin keke, watau ƙarfen da mazauni ke kai. Kada a ɗaura a taya ko a matakin ƙafa ko a madafin hannu, gama waɗannan na iya cirewa.

A nan ne ake yin kuskuren da ke kashe mutum. Keke ake ɗaurewa a jirgi, ba a ɗaure mutum a keke. Idan jirgi ya kife, wanda aka ɗaure a kekensa zai kasance a ƙarƙashin ruwa, rigar ceto kuwa ba za ta iya fito da shi ba. Idan keken ne ya faɗa ruwa da shi a ɗaure, ƙarfen zai ja shi ƙasa. Wanda ba ya iya zama a miƙe sai da tallafi, a yi masa maɗauri mai faɗi a ƙirji wanda ke buɗewa da fizga ɗaya, ya gwada buɗe shi da idanu a rufe har ya saba. Ƙulli irin na igiya haramun ne a nan. A kuma lura kada igiya ko taru ko mamari ya kwanta kusa da ƙafafunsa, musamman idan ba ya jin taɓi a cikinsu.

Hanyar shiga da fita

Lokacin shiga da fita ya fi kowane lokaci haɗari, domin a sa'an nan ne nauyi ke gefe guda, keke kuma ba a ɗaure yake ba. Ɗaukar mutum da kekensa a hannu a tsallaka da shi bakin jirgi ba dabara ba ce. Ana bukatar gada ta katako mai gangara.

Ma'aunin da magina suka amince da shi a ƙasashe da yawa shi ne 1 cikin 12: kowane santimita 1 na tsayi yana bukatar santimita 12 na tsawon gada. Idan bakin jirgi ya ɗara ƙasa da santimita 30, gadar da mai keke zai hau da kansa za ta kai santimita 360. Idan akwai ƙaƙƙarfan mataimaki da zai tura, ana iya rage ta zuwa 1 cikin 8, watau santimita 240, amma kada a gaza haka. Faɗinta ya kai santimita 90. A kafa mata katanga mai tsayin santimita 5 a kowane gefe don kada taya ta kauce, a yi mata fenti da yashi kamar daɓe, a ƙarfafa ƙarƙashinta da katakai biyu a tsaye. A kanta na sama maƙeri ya sa ƙugiyoyin ƙarfe biyu da za su kama bakin jirgi. A cikin jirgi ma ana bukatar 'yar gajeriyar gada da za ta sauko da keke kan daɓe. Wajen sauka kowace gangara, keke ya tafi da baya, mataimaki yana ƙasa da shi.

An fi so a shiga ta goshin jirgi ko ta bayansa, domin jirgi ya fi jure nauyi ta tsawonsa. Idan goshin tsini ne, sai a shiga ta gefe, amma jirgin ya zauna a kan yashi tukuna. Ko ta ina za a shiga, a ɗaure jirgin da igiya biyu, gaba da baya, a turaku masu ƙarfi.

Waɗansu sukan so a yanke gefen jirgi a yi ƙofa. Wannan aiki ne na gwanin maƙerin jirgi kaɗai. Katakon sama na gefe shi ke riƙe da siffar jirgi, yanke shi kuwa na raunana jirgin, yana kuma kusantar da ruwa. Idan babu wanda ya ƙware, a haƙura da ƙofa.

Gaɓar ma tana bukatar gyara. Taya na nutsewa a yashi da laka, don haka a daddale hanya da tsakuwa ko a shimfiɗa katakai daga tudu zuwa bakin ruwa. A tafkuna irin na Kainji ruwa yakan ja baya da nisa kowace shekara, ya sake dawowa, hanyar siminti da ta kai bakin ruwa yau za ta iya zama nesa da shi bayan wata kaɗan. Maganin wannan shi ne dandali mai yawo a kan duro. Duro mai cin lita 200, idan an toshe shi sosai, yana iya ɗaukar kusan kilo 200 kafin ya nutse, amma a ƙa'ida rabin wannan kawai ake ɗora masa. Duro 6 ke nan za su ɗauki wajen kilo 600, har da nauyin katakon dandalin. Amfaninsa shi ne yana hawa da sauka tare da ruwa, ana kuma iya daidaita tsayinsa da bakin jirgi, sai keke ya shiga kusan a miƙe.

Abin da zai hana nutsewa, da gwaji

Jirgin katako da ya cika da ruwa yakan yi ɗan yawo, amma inji da keke za su ja shi ƙasa. Jarka mai cin lita 20, wofi kuma a rufe, tana ɗaukar kusan kilo 19 a ruwa. Guda 3 za su ɗauki nauyin inji da keke na misalin da ya gabata, amma ya kamata a sa 8, huɗu a kowane gefe, domin mutane su sami abin riƙewa. A ɗaure su tamau a jikin gefen jirgi daga sama-sama, har da wajen inji. Idan aka jibge su a gindi, jirgin da ya cika da ruwa zai juye.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, ta wajabta sa rigar ceto, ta kuma hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima. Ga mai keke, a nemi riga mai abin wuya, irin wadda ke juyo da fuskar mutum sama ko da ya suma, mai kuma maɗauri ta tsakanin cinyoyi don kada ta zame ta kai. Jikin da ƙafafunsa suka shanye ba ya yawo a ruwa kamar na sauran mutane, saboda haka ya gwada rigar a ruwa marar zurfi, mutum biyu suna tsaye kusa da shi. A ɗaura usur a jikinta.

Ba a gwada sabon gyara da ran mutum. A kai jirgi inda ruwa bai wuce ƙugu ba, a bi waɗannan matakai:

1. A ɗora buhunan yashi a kan keke daidai nauyin mai shi, a tura shi ta gada a shigar, a lura da yadda jirgi ke yi.

2. A ɗaure keke, a ɗora inji da sauran kaya, da buhunan da za su tsaya a madadin kifi. A auna daga ruwa zuwa bakin jirgi. Idan bai kai santimita 30 ba, a rage kaya.

3. A ja layin fenti a jikin jirgi daidai inda ruwa ya tsaya. Daga ranar nan ba a yin lodin da zai rufe wannan layi.

4. Mataimaki ya koma gefe guda ya leƙa kamar mai jan taru. Idan bakin jirgi ya kusanci ruwa da ƙasa da santimita 15, ko keke ya motsa, gyara bai yi ba.

5. A cire inji, a sa duwatsu masu nauyinsa a wurinsa, a cika jirgin da ruwa. Ya kamata ya tsaya a kwance bai nutse ba, bai kuma juye ba.

Sai an ci wannan gwaji duka mai keke zai shiga, fitarsa ta fari kuma ta zama kusa da gaɓa, da rana, ruwa a kwance.

Su daga zaune, da kula da lafiya

Fatsa da mamari da gura duk ana iya aiki da su daga zaune. Birgi kuwa yana bukatar tsayuwa da juya jiki, a bar wa mataimaki. Jan taru mai nauyi ta gefe na karkatar da jirgi, gara a ja ta goshi, mataimaki yana zaune a ɗaya ɓangaren. A kafa madafi na bututun ƙarfe a kowane gefe, a jera wuƙa da koto da kwandon kifi inda hannu zai kai ba sai an miƙa jiki waje ba. Da yake mai keke yana sama da ruwa fiye da sauran masunta, filafilinsa ya fi na kowa tsawo. Idan shi ne matuƙi, a ƙara wa hannun inji tsawo da bututu, ya kuma ɗaura igiyar kashe inji a wuyan hannunsa, domin in ya faɗi injin ya mutu nan take.

Kada mai keke ya fita shi kaɗai. Ya tafi da wanda ya iya iyo, a kuma sanar da mutanen gida inda aka nufa da lokacin dawowa. A farkon damina hadari na tasowa da iska ba zato, da an ga alama sai a nufi gaɓa. A tafkunan madatsa akwai kututturan itatuwan da ruwa ya rufe, a fadamun Haɗeja da Nguru kuma ciyawar kacalla ta toshe hanyoyi da yawa, don haka a bi hanyar da aka sani.

Wanda ƙashin bayansa ya sami rauni ba ya jin zafi ko danshi a ƙasan jikinsa. Dogon zama a kan jiƙaƙƙen mazauni na kawo gyambo mai wuyar warkewa. Ya zauna a kan soso mai kauri da aka rufe da leda, ya riƙa ɗaga jikinsa ko ya karkata kowane minti 20 ko 30, ya sake tufafi in sun jiƙe, a kuma duba fatarsa bayan an dawo. Ƙarfen da rana ta gasa na iya ƙona ƙafarsa bai sani ba, kuma zafi na saurin galabaitar da irinsu, saboda haka a tafi da ruwan sha da malafa. In za a yi rumfa, ta zama gajeriya mai sauƙin naɗewa, domin iska na kama ta. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, gama tsargiya ta yawaita a wuraren su, maganinta kuwa yana samuwa. Keken ma a wanke shi, a shanya, a sa wa ƙafafunsa giris.

Aikin jama'a

Gyaran jirgi guda abu ne da iyali za su iya, amma hanyar gaɓa da dandali sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Ƙungiyoyin masunta na gama kai da sarakunan ruwa da ƙananan hukumomi su ya kamata su ɗauki wannan nauyi, tun da tsofaffi da mata masu ciki da masu ɗaukar kaya duk za su amfana da shi. Mai neman ƙarin shawara a kan ƙirar jirgi ya tuntuɓi ma'aikatan kula da kamun kifi na jiharsa, ko cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta tarayya da ke Sabuwar Busa a Jihar Neja. Rigakafi dai ya fi magani.

Tambayoyi domin bita

1. Me ya sa jirgi mai faɗi ya fi siriri dacewa da keken guragu?

2. Idan bakin jirgi ya ɗara ƙasa da santimita 25, nawa ne tsawon gadar da mai keke zai hau da kansa?

3. Don me ba a ɗaure mutum a kekensa a cikin jirgi?

4. Wace illa ce ruwan da ya taru a ƙarƙashin daɓe ke jawowa?

5. A faɗi matakai 5 na gwajin jirgi kafin mai keke ya shiga.